Notin da Ya Gagari Kuroiwa

Ƙafafu biyu Setsuko ta fara hangowa, sun leƙo daga ƙarƙashin motar, takalmi ɗaya ya zame yana gefe. Ta tsaya da kwandon lemo a ƙugunta tana jiran su motsa. Ba su motsa ba.

"Kuroiwa-san?"

Shiru.

Ta dire kwandon, lemo ya watse yana gangarawa bin titi. Ta damƙi idon sawun da hannu biyu ta finciko. Kwalin da mutumin ke kwance a kai ya biyo shi har waje, sai ga tsoho ya fito kamar an zaro burodi daga tanda, idonsa biyu, sifana rungume a ƙirji.

"Ke Setsu-chan! Ƙafar za ki cire mini? Ko an ce miki yau za a raba gado?"

"Au, ashe da ranka. To me ya hana ka amsawa? Na ɗauka ka tafi ka bar mu da wannan gwangwanin."

"Gwangwanin nan ya fi babur ɗinki mutunci. Tunani nake yi."

"A ƙarƙashin mota ake tunani?"

Ya yunƙura zai zauna, tari ya sarƙe shi. Ta tallabi bayansa har ya lafa. Ta cikin rigar sanyi ma tana jin ƙasusuwansa, sai ka ce kwando aka rufe da mayafi.

Duk unguwar ta san Kuroiwa bai daɗe da dawowa daga asibiti ba, ta kuma san ba don ya warke aka sallamo shi ba. Ciwon huhu ne, ya riga ya yi nisa. Likita ya ce ya koma gida ya ci abin da ransa ke so. Shi kuwa abin da ransa ke so shi ne motar nan.

Mai aski ne. Shagonsa na nan a gaban gidan, da kujerar da madubin, sai dai kawunan da zai aske sun ƙare: matasa sun tafi birni, tsofaffi kuwa wanda bai mutu ba ya yi sanƙo. Motar ya saye ta tun 'yarsa Manami tana makaranta. Fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin mashayin taba. Bai taɓa yarda wani ya yi mata juyen baƙin mai ba. Da bazara da kaka zai hau da tayoyin gaba kan wasu katakai masu kauri, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi yana fito. Setsuko a gidan da ke kallon nasu aka haife ta, shi ya yi mata askin shiga makaranta. Shi ya sa har yau, ta haura sittin da jikokinta, bai san wata ba sai Setsu-chan, sunanta na yarinta.

"Faɗa mini gaskiya," ta ce. "Me ya faru?"

Ya dubi sifanar da ke hannunsa.

"Notin ne. Wanda ke ƙasan injin, ake kwancewa mai ya tsiyaye. Ni na ɗaure shi da hannuna da bazara. Yau ya ce bai san ni ba."

"Tun yaushe kake kwance?"

"Tun injin na da ɗumi."

Ta kai tafin hannu kan bonet. Sanyi ƙalau.

Daga barandar gidan muryar matarsa Fumie ta taso. Tana zaune kan matashi, bargo a gwiwa, fuskarta na fuskantar inda take jin magana. Ciwon suga ya cinye mata rabin gani, ƙodarta kuma ta daina aiki.

"Baban Manami, da wa kake faɗa?"

"Da wa kuwa? 'Yar maƙwabta ce ta zo ta hana ni aiki."

"Fumie-san, barka da rana!" Setsuko ta ɗaga murya. "Mijinki ne ya yi ɗaki a ƙarƙashin mota, na ce ya fito ya biya haya."

Fumie ta yi dariya, ta ce a bar shi, can ya fi jin daɗin barci.

Setsuko ta rage murya. "Ka bari mana. A kai ta gareji a gari, su yi maka cikin ɗan lokaci."

"Yaran nan? Da sun gan ta sai su fara nuna mini hotunan sababbin motoci. Kuma da inji suke ɗaure noti, su murɗe shi har zaren ya lalace. Ban kai musu kaina aski ba, ba zan kai musu motata ba."

Ta dube shi, ta dubi motar, ta dubi lemonta da ya taru can a bakin kwata. Sai ta kwance ɗankwalin aikin gona daga wuyanta ta ɗaure kai tam, ta naɗe hannun riga.

"Ba ni ƙarfen nan."

"Ke?"

"Ni. Na ɗauki akwatin lemo a kafaɗa tun kafin gashinka ya zube. Noti ɗaya ba zai gagare ni ba. Kai dai zauna ka yi abin da ka iya, surutu."

Ta ɗauko masa kujerar roba daga baranda, ta lulluɓe masa ƙafa da bargo. Tun da ya zauna sai muryarsa ta dawo irin ta da, ta mai shago da ke cewa mutum ya sunkuyar da kai.

Ya ce ta fara tayar da injin ya ɗan ɗumama, don mai mai sanyi ba ya sakin jiki, rabi zai fito rabi ya maƙale. Ya miƙo mata makulli. Ta lura hannunsa ya ɗan tsaya a iska kafin ya saki. Injin ya tashi a murɗa ɗaya. Suka bar shi yana silo har ya ce ya isa, kada ya yi zafin da zai ƙona ta.

"Duba wejin da ya tare tayar baya. Girgiza motar. Da ƙarfi, ba gaisawa na ce ki yi da ita ba. Yawwa. Kada ki taɓa shiga ƙarƙashin mota kin dogara da jak kawai, ko da sarki ne ya ce ki shiga."

Ta kwanta kan kwalin ta tura kanta ciki. Warin ƙarfe da tsohon mai ya cika mata hanci. Komai baƙi ne, komai kama ɗaya.

"Wanne ne? Noti ya fi ashirin a nan."

"Nemi wani abu kamar tukunya a kife. A gindinta ta baya akwai babba guda ɗaya shi kaɗai. Kada ki taɓa na gefen giya, sai mu kwana muna kuka."

"Na gan shi."

"Ga daro nan gefenki, tura shi ƙarƙashinsa. Ɗan ja shi baya, man zai yi tsalle ne da farko. To sa sifana ta zauna sosai. Juya kamar za ki buɗe murfin kwalba."

Ta ja. Bai motsa ba. Ta cije leɓe ta sake ja har kafaɗarta ta amsa.

"Kai Kuroiwa-san, wannan da mugunta ka ɗaure shi!"

"Ba ja ake yi ba. Riƙe da hannu ɗaya, ki doki ƙarshen ƙarfen da tafin ɗayan. Duka ɗaya mai kyau, kamar mijinki ne ya dawo a buge."

Mijin nata ya daɗe a kabari, kuma duk garin an san yadda yake dawowa gida ranar biki. Dariya ta kusa ƙwace mata. Ta daidaita hannu ta kai duka. Wani ƙaras ya fita, sifanar ta tafi sakayau.

"Ya saki!"

Sai ta ji ya ce, a hankali, "Ai na riga na sassauta miki shi."

"Ƙwarai kuwa. Da tunanin da ka yi ta yi."

Ya ce ta ƙarasa da yatsu, tana danna shi ciki har zaren ya ƙare, sannan ta fizge hannu da sauri. Ta fizge, amma ba da saurin da ya kamata ba. Mai mai ɗumi, baƙi ƙirin, ya bi hannunta har gwiwa kafin ya sami daron. Ta saki wata ashar da rabonta da ita tun tana budurwa a ma'aikatar tattara lemo. Daga baranda Fumie ta ce, "Setsuko-san, haikali fa na kusa!" Kuroiwa kuwa dariya yake yi yana tari, yana tari yana dariya, har sai da ya share hawaye da bakin bargo.

Ta fito ta zauna a ƙasa tana goge hannu da tsumma, suna jiran man ya gama tsiyayewa. Ya sa ta ɗebo masa ɗan kaɗan a yatsa. Ya murza tsakanin yatsunsa, ya kai kusa da ido, ya shinshina.

"Babu garin ƙarfe, babu warin fetur. Injin nan lafiyarsa lau. Zai binne mu duka."

"Yi maganar kanka. Ni ban shirya ba."

Sai filta. Ya nuna mata inda take maƙale a gefen injin, kamar gwangwanin madara. Ita ma ta yi gardama kafin ta fito. Ya ce ta duba tsohuwar robar ba ta manne a jikin injin ba, don in roba ta hau kan roba, mai zai tsere tun kafin a kai kwanar farko. Ya sa ta lakato sabon mai ta shafa wa robar sabuwar filtar, ta ɗaura da hannu kawai, ba da ƙarfe ba. Daga aljihun rigarsa ya zaro wata 'yar ƙaramar washa ta jan ƙarfe, sabuwa, ya ce ta sa wa notin.

"Ɗaure har ya zauna, ki ƙara kaɗan, ki tsaya. Ki tuna wata rana hannun da zai kwance shi ba lallai ya kai naki ƙarfi ba."

Ta koma ciki ta ɗaure. A duhun nan ta ɗan daɗe fiye da yadda aikin ke bukata.

Zubawa kam da kansa ya so yi. Ya miƙe ya dafa motar, ta riƙe masa mazurari, ya ɗaga galan ɗin sabon mai. Galan ɗin ya fi ƙarfinsa, man na neman zuba gefe. Ta sa tafinta a gindin galan ɗin kamar mai gyara tsayuwa, ta ɗauke masa nauyin. Sabon mai ya gangara kamar zuma. Suka jira ya sauka. Ya zaro ƙarfen gwaji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mata alamomin biyu da farce.

"Tsakani, kusa da na sama. Ya yi kaɗan, injin ya ci kansa. Ya yi yawa, ya yi kumfa. Tayar, ki leƙa ƙasa ki ga ko yana ɗiga."

Ko ɗigo babu. Ta sauko da motar daga katakai a hankali, suka sake gwadawa a ƙasa mai daidai, ya ƙara ɗan kaɗan. Tsohon man ta juye shi a galan ɗin da ya zama fanko, ya ce gidan man da ke gari suna karɓa, kada ta kuskura ta zuba a kwata, ruwan nan teku yake tafiya.

Ta miƙa masa makulli. Bai karɓa ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja, wurin da tun da aka sayi motar ba a taɓa ganinsa ba, ya zauna.

"Mu je mu ji muryarta a hanya. Lasisinki bai mutu ba, ko?"

"Ya fi ka lafiya."

Rabonta da tuƙa mota tun da ta sayar da a-kori-kurar mijinta ta koma babur. Motar ta yi tsalle sau ɗaya a bakin layi, ya dafe ƙirji ya ce kuloci ba kan maciji ba ne, a daina taka shi haka. Kafin su wuce haikali ƙafarta ta tuna. Suka gangara tsakanin gonakin lemo da ke hawa-hawa a jikin tsauni, 'ya'yan sun nuna jawur, har bakin teku inda masunta ke ɗaure jirage. Ya ce ta tsaya nan.

Suka zauna suna kallon ruwa. Ta san abin da ke bakinsa. Kowa ya sani. Fumie sai an kai ta wankin ƙoda a asibitin gari, bayan tsauni, kwana ɗaya bayan ɗaya, kuma bas ɗin da ya rage a ƙauyen lokacinsa bai taɓa dacewa da na asibiti ba. Shi ke kai ta shi ke dawo da ita. Manami kuwa tana birnin Osaka, ta daɗe tana cewa ta gyara musu ɗaki, a hawa na sama, asibiti na kusa.

"Setsu-chan," ya fara. Ya yi gyaran murya. "Fumie a gidan nan ta san inda komai yake. Ko ba ido tana dafa shinkafa, tana zuwa banɗaki, tana jin takun kowa ta faɗi sunansa. In aka kai ta can, za a zaunar da ita a kujera ne a bakin taga. Tagar ma ba gani za ta yi ba." Ya juyo ya dube ta. "Ban san yadda ake roƙon mutum irin wannan abu ba."

"To kada ka roƙa, bai dace da fuskarka ba. Kana tsammani don kyanka na kwanta a ƙasa na ɓata rigata? Zan riƙa kai ta."

"Ga kakar lemo."

"Lemo ba ya gudu. Bishiyoyin nawa ma nawa ne? In tsinka da yamma."

"Manami ba za ta yarda da sauƙi ba."

"Manami ni na goye ta. Bar ni da ita. Amma da sharaɗi: ba na son a zauna mini a gefe ana koya mini taka kuloci."

Ya juya fuska wajen taga. "Wannan kam kin kusa hutawa."

Ta murɗa makulli. Ta sa giya suka hau tsauni.

Washegari da safe ita ta zo da motar bakin baranda. Ya so ya bi su, amma daga ɗaki zuwa ƙofa numfashi ya gagare shi. Ya haƙura. Haka aka yi ta yi har sati ya zagayo, wani ya shiga. Ranar asibiti su tafi da safe su dawo da rana ta karkata, ranar hutu Setsuko ta shigo da miyar miso ta waken suya da gasasshen kifi ta iske ya cinye cokali biyu ya ture. Yakan tambaye ta ko ta leƙa ƙarƙashin mota kafin ta tayar. Takan ce ta leƙa, ba ta ga kowa yana tunani ba.

Ranar da abin zai faru, da safe ya fito har ƙofar shago, sanye da kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana dafe da bango. Ya tsaya ya karkata kai yana sauraron injin. Ya sunkuyo ta taga ya gyara wa Fumie mayafin wuya.

"Ki ce musu kada su sake huda miki hannu sau biyu."

"Koma ciki, akwai iska," in ji Fumie. "Akwai dunƙulen shinkafa a kan tebur. Ka ci ko ɗaya ne."

A madubi Setsuko ta gan shi tsaye har suka sha kwana.

Da suka dawo, labulen shagon a ɗage yake, abin da aka daɗe ba a gani ba. Tun kafin ta kashe mota ta hango shi ta gilashi, zaune a kujerar aski, an juya ta tana kallon titi, farin tawul a wuyansa. Kansa ya ɗan kwanta gefe. Ta san irin wannan kwanciyar kan. Ta ja burkin hannu, ta ce, "Fumie-san, ɗan jira ni," ta shiga.

Hannunsa ya yi sanyi. A kan teburin shagon ga askar an wanke an ninke, ga kofin kumfa an ɗauraye an kife, ga burushi a tsaye yana bushewa. Shagon na ƙamshin ruwan da yake shafa wa mutane bayan aski. Ta tsaya ta haɗa tafuka ta sunkuyar da kai. Sannan ta fita, ta buɗe ƙofar motar, ta durƙusa daidai fuskar tsohuwar.

"Fumie-san. Ya tafi. Yana kan kujerarsa."

Fumie ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu a kama ta. Da suka shiga ta saki Setsuko, ta taka ita kaɗai har gaban kujerar, ta lalubi kafaɗarsa, ta hau zuwa fuska. Ta shafa kunci ɗaya, ta shafa ɗayan, ta bi haɓa da ƙarƙashin hanci.

"Ya yi aski," ta ce. "Ko tsinke ɗaya bai bari ba. Mutumin nan, ko a nan ma bai yarda wani ya taɓa masa ba."

Sai a lokacin muryarta ta karye.

Setsuko ce ta kira likita, ta kira haikali, ta kira Manami. Ta tattaro matan unguwa aka share gida, aka ɗora tukwane, aka jera matasan zama. Manami ta iso da baƙaƙen kaya da mijinta, idonta a kumbure. Tsofaffin ƙauyen suka yi ta shigowa suna kunna turare, masu sanƙo da masu furfura, kowa na ba da labarin yadda Kuroiwa ya taɓa zaginsa saboda ya motsa kai.

Maganar da ake jira ta taso ne a gidan ƙona gawa, a ɗakin da dangi ke zama su sha shayi kafin a kira su. Manami ta matso kusa da uwarta, ta kama hannunta.

"Mama, in an gama addu'o'in makoki zan zo mu tafi. Na yi magana da asibitin can, sun ce akwai wuri."

Fumie ta ajiye kofinta a hankali. "Ba zan je ba, Manami."

"Mama, wa zai riƙa kai ki?"

"Wadda ke kai ni yanzu," ta ce.

Manami ta dubi Setsuko. Babu faɗa a idonta, gajiya ce da tsoro.

"Yaya Setsu, na gode da abin da kika yi, ban da bakin godiya. Amma wannan ba aikin sati ɗaya ba ne. Ke ma ba yarinya ba ce. In kika kwanta ciwo fa? In motar ta tsaya muku a kan tsauni? Ta girmi ɗana fa. Ina can ina aiki, waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Haka zan zauna?"

Setsuko ta gyara zama. "Gaskiyarki, kuma ba zan ce miki ba zan yi ciwo ba. In na kwanta, matar mai shagon awara ta ce za ta karɓe ni, na riga na tambaye ta. Motar kuwa babanki ya duba ta da idonsa kafin ya tafi, ni na yi mata juye da hannuna. Ki ba mu zuwa bazara. In kika zo kika ga ta rame, ko kika ga ni na gaza, da kaina zan haɗa mata kaya in kawo miki ita har Osaka. A motar."

"Ke kika yi juyen? Baba ya bar ki kika taɓa motarsa?"

"Bai bar ni ba. Ƙwata na yi."

Manami ta yi wata 'yar dariya da ta haɗe da kuka, ta rufe fuska da hankici. Uwar ta lalubi bayanta tana bubbugawa.

"A gidan nan ina jin motsinsa," in ji Fumie. "A can motsin wa zan ji? Ki bar ni tukuna. In na gaji zan faɗa miki, ba na jin kunyarki."

Manami ta share ido. Da ta ɗago ta ce, "Zuwa bazara. Kuma kullum in kun dawo a kira ni."

"Za ki gaji da muryata," in ji Setsuko.

Aka kira su. Suka shiga bibbiyu bisa al'ada, suna ɗaukar ƙasusuwan da suka rage bayan ƙonawa da dogayen tsinkaye suna sakawa a tulu, daga ƙafa zuwa kai. Setsuko ta riƙe hannun Fumie ta kai mata shi inda ya kamata. Aka rufe, aka sa a akwati, aka naɗe da farin ƙyalle.

A waje ƙaramin bas na jiran dangi. Fumie ta tsaya ta ce ita a motar gida za ta koma. Manami ta buɗe mata ƙofa. Ta taimaka mata ta zauna a gaba, ta ɗaura mata bel, ta ɗora mata akwatin a cinya, ta ce su za su biyo baya, sai sun biya sun sauke mutanen gari.

Setsuko ta hau tsaunin a hankali, tana shan kowace kwana kamar da ƙwai a bayan motar. Fumie ta rungume akwatin da hannu biyu. Ta ce har yanzu da ɗuminsa. Rabonta da barcin kirki tun ranar rasuwar, kuma kafin su wuce gonakin lemo na farko kanta ya fara rinjaya.

Da suka iso ƙofar gida, rana ta yi ƙasa, ta shigo ta gilashin gaba ta kwanta a kan farin ƙyallen. Layin babu kowa. Fumie na barci, kuncinta a kan akwatin, bakinta a ɗan buɗe. Setsuko ta kai hannu ga makulli za ta kashe, sai ta dube ta, ta janye hannun. Ta ja burki, ta sauke abin kare rana a gefen tsohuwar, ta jingina da kujera. Injin ya ci gaba da silo a hankali.